Garkuwar Zulu: daga fagen fama zuwa kasuwar kayan tarihi

Da fatar shanu Zulu na Afirka ta Kudu suke yin garkuwa, su ɗaura sanda a bayanta. Babbar ta yaƙi, isihlangu, takan kai mita ɗaya da rabi. A zamanin sarki Shaka (1816-1828) garkuwar yaƙi mallakar sarki ce, launinta kuma ke nuna runduna: fara ta tsofaffin mayaƙa, baƙa ta samari.

Bayan yaƙin 1879, sojojin Ingila sun kwashe da yawa ganima. Irinsu ake gani yau a gidajen tarihi da wuraren gwanjo na Turai. Galibin waɗanda ake saida wa 'yan yawon buɗe ido sabbi ne. Shi ya sa masu saye ba su dogara da tsufan fata kaɗai: takardar da ke nuna hannayen da garkuwa ta bi ita ke tsaida kuɗinta.