Giyar da Ta Ƙi Fita daga "P": Nazari kan Motocin Atomatik a Arewacin Zamfara

Daga Ƙaura Namoda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Shinkafi, ɗaya ta bi ta Zurmi da Gurbin Ɓore ta ɓulle Jibiya a Jihar Katsina. Motocin hayar da ke bin hanyoyin nan, Golf da Sharon, galibinsu masu kuloci ne, kamar yadda Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 take. A kan irin waɗannan motoci yawancin kanikawan yankin suka koyi sana'a. Amma motocin gida sun sauya. Corolla da Camry da Accord da ake shigo da su ta Legas da Kwatano, da yawansu daga Amurka, kusan duk atomatik ne. Saboda haka idan direba ya tayar da mota, ya taka birki, ya ja sandar giya ta ƙi motsawa daga "P", hukuncin da aka fi saurin yankewa a bakin gareji shi ne giyabos ya tafi. A mafi yawan lokuta giyabos lafiyarsa lau. Laifin yana wani wuri daban, a wani ɗan abu mai araha.

Abubuwa biyu ne ke riƙe motar atomatik a "P", kuma ba aikinsu ɗaya ba. Na farko yana cikin giyabos: wani harshen ƙarfe ne da ke faɗawa tsakanin haƙoran wani faifai da ke juyawa tare da tayoyi, ya hana motar gangarawa. Na biyu yana ƙarƙashin sandar giya, kusa da hannun direba. Wata 'yar sakata ce da maganaɗisun lantarki ke zarewa, kuma ba ta zaruwa sai an kunna makulli an taka birki. Wannan ta biyun ce ke haddasa yawancin maƙalewar.

Sakatar tana da tarihi. A watan Nuwamba 1986 shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS a Amurka ya zargi motar Audi 5000 da zabura da kanta. Binciken hukumar kiyaye haɗurran hanyoyi ta ƙasar, wanda ya fito a 1989, ya nuna cewa galibi direbobi ne ke taka totur a madadin birki. Kafin nan, a 1987, Audi ya janye motocin ya sa musu sakatar da ke tilasta taka birki kafin a shiga giya, sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga baya wata doka da aka sa wa hannu a 2008 domin kare yara ta wajabta ta a motocin atomatik da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga Satumba 2010. Wato duk 'yar Amurkar da ke yawo a Ƙaura ko Shinkafi, in dai ba tsohuwa ce tukuf ba, tana da ita.

Saƙon da ke zare sakatar yana fitowa ne daga wani ƙaramin suwic da ke saman fedar birki, kuma wannan suwic ɗin shi ne ke kunna fitilun birki na baya. A nan ne binciken ya kamata ya fara, ba ya kuwa buƙatar ko sufana. Mutum ɗaya ya taka birki, wani ya tsaya a baya ya duba. Idan fitilu ba su kama ba, an samu bakin zaren: ko fis ya ƙone, ko suwic ya mutu, ko waya ta tsinke. Idan sun kama, sai a kashe rediyo a kasa kunne kusa da sandar giya. Lafiyayyar sakata tana yin ɗan ƙas duk lokacin da aka taka birki. Rashin wannan ƙara yana nuna maganaɗisun ko wayarsa. In kuma ana jin ƙarar amma sanda ba ta motsi, to sakatar ce ta daskare, ko maɓallin kan sandar ya karye daga ciki.

Mutuwar wannan suwic ba baƙon abu ba ne ko a ƙasashen da ake ƙera motocin. A Afrilu 2013 Hyundai da Kia sun janye motoci sama da miliyan ɗaya da rabi a Amurka saboda shi, kuma maƙalewar giya a "P" na cikin alamomin da aka lissafa. A yankinmu akwai ƙarin dalilai. Ƙurar hunturu tana shiga maƙurar sanda ta haɗu da tsohon giris, lemo ko zoɓon da ya zube a wurin ya bushe ya zama danƙo. Zafin bazara yana gasa roba har ta farfashe. A Honda akwai wata 'yar roba a jikin fedar birki da ke danne suwic. Idan ta ruɓe ta faɗi, fitilun birki sai su kwana a kunne, gari ya waye batir ya mutu, sakata kuma ba ta zaruwa ba wuta. Motar da ke ɗaukar gero da dawa, ko take kwana kusa da rumbu, ɓeraye na shiga su ci wayoyinta. Sannan a wasu Accord fis ɗaya ne ke ɗauke da hon da fitilun birki, don haka mai wayarin da ya ɗora ƙaton hon a kan layin yana iya ƙona fis ɗin, mai mota ya rasa abin da ya haɗa hon da giya.

Matsalar harshen ƙarfen daban take, gane ta kuma ba wuya. Tana faruwa ne idan an ajiye mota a gangare, aka sa "P" ba a ja birkin hannu ba, nauyin motar duka ya hau kan harshen. A nan fitilu suna kamawa, ana jin ƙas, sanda tana ɗan motsi amma ta yi tauri. Maganin shi ne mutane su ɗan tura motar zuwa sama, direba na ciki ƙafarsa na kan birki, nauyin ya sauka, giya ta fita. Rigakafin kuwa tsari ne kawai: a taka birki, a ja birkin hannu, a bar motar ta zauna a kansa, sannan a sa "P". Akwai kuma kebur da ke haɗa sanda da giyabos. Idan bushin ɗin bakinsa ya cinye, sanda za ta riƙa yawo sakwa-sakwa alhali giyar ba ta sauya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda direbobi da yawa ba su san cewa masu ƙera motar sun bar musu mafita ba. Kusa da sandar giya akwai wani ɗan murfi da bai fi farcen yatsa girma ba. A Toyota ana ɓalle shi a danna maɓallin da ke ciki. A Honda makullin motar ake zurawa a ramin a danna. Da birkin hannu a jaye da ƙafa a kan birki, sai a ja sanda zuwa "N", a tayar da mota a nan, a shiga "D". Aikin minti ɗaya ne. A wani wurin rashin sanin wannan ɓata lokaci ne kawai. A hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi, inda 'yan bindiga suka sha tare matafiya, kuma kowa ke ƙoƙarin isa gida kafin la'asar ta yi sanyi, magana ce ta rai. A Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, direban da motarsa ta maƙale a hanya ba shi da ko damar kiran makanike. Motar atomatik kuma ba a tayar da ita da turi kamar Golf, jan ta da igiya tana "P" kuwa yana iya karya harshen ƙarfen, ƙaramar matsala ta koma ta sauke giyabos.

Sai dai wannan mafita ta isa gareji ce, ba gyara ba ce. Wasu da suka gano ta sukan soka ashana ko ƙusa a ramin su bar ta, wasu kanikawan kuma su cire sakatar gaba ɗaya, ko su naɗe ƙonannen fis da waya. Ina ganin wannan ya fi maƙalewar haɗari. Idan suwic ko fis ne ya mutu, motar tana tafiya ba fitilar birki, a hanyar da manyan motoci ke bin bayanta cikin ƙura ranar kasuwa. Fis ɗin da aka naɗe da waya ba zai ƙara ƙonewa ba, wayoyin motar ne za su ƙone a madadinsa. Motar da aka cire wa sakata kuwa, yaron da ke wasa a ciki a ƙofar gida yana iya jan sanda ta gangara kan ƙannensa, abin da dokar 2008 ta zo hanawa ke nan.

Gyaran gaskiya ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauke giyabos: fis mai lamba daidai da wanda ya ƙone, sabon suwic da aka daidaita tazararsa da feda, ko wanke maƙurar sanda a sa sabon giris. Idan sabon fis ya sake ƙonewa da zarar an taka birki, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, sau da yawa wajen but ko soket ɗin fitilun baya, kuma aikin mai wayarin ne ya bi ta har ya samo wurin.