Kujerar kulob: asalinta, ire-irenta da yadda ake rarrabe tsohuwa da sabuwa

Kujerar kulob kujera ce ta mutum ɗaya, gajeriya, mai zurfin mazauni da kaurin hannuwa, wadda bisa al'ada ake lulluɓe ta da fata tun daga sama har ƙasa. A kasuwa ana kasa ta gida uku: ta tarihi, ta tsakatsaki da ta zamani. A ido duk kamarsu ɗaya, amma tazarar farashinsu tana da yawa, kuma abin da ya raba su yana ɓoye a ƙarƙashin fatar.

Inda sunan ya samo asali

Sunan yana nuni ne ga kulob-kulob na manyan mutane da ke unguwannin St James's da Pall Mall a birnin Landan. Mafi tsufa a cikinsu, White's, ya faro ne a 1693. An kafa Carlton Club a 1832 domin 'yan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, sai Reform Club a 1836 domin masu goyon bayan gyaran dokar zaɓe. A irin waɗannan gidaje 'yan majalisa da attajirai da hafsoshin soja ke cin abinci, su karanta jarida, su ƙulla abin da za a tarar a majalisa washegari. A Carlton Club ne 'yan majalisar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau suka taru ranar 19 ga Oktoba, 1922, suka yanke shawarar ficewa daga gwamnatin haɗin gwiwa, kuma a ranar Firaminista David Lloyd George ya yi murabus.

Zama a waɗannan kujeru ba na kowa ba ne. Sai a 1981 Reform Club ya fara karɓar mata, Carlton Club bai ba su cikakken matsayin mamba ba sai a 2008, Garrick Club kuwa ya kai 2024 kafin ya amince. Wannan ƙima ta shiga inda aka hana wasu ita ce 'yan kasuwa ke haɗawa da kujerar su sayar har gobe.

Sai dai siffar da aka san kujerar da ita a yau a Faransa ta kankama, a farkon ƙarni na 20, inda aka fara kiran ta fauteuil confortable, wato kujerar jin daɗi. Ta yi tashe a zamanin salon Art Deco, wanda ya ɗauko sunansa daga baje kolin da aka yi a birnin Paris a 1925. Daga nan ta fita daga zaurukan manya ta shiga falon ma'aikata da 'yan kasuwa.

Abin da ke cikinta

Tsohuwar kujerar kulob tana da ƙashin katako mai ƙarfi. A ƙasan mazauni ana ɗaure ɗamarar zaren rama, a jera sifirin na ƙarfe a kai, a ɗaure su da igiya ɗaya bayan ɗaya. A saman wannan ake shimfiɗa gashin doki ko zaren kaba, sai auduga, sai fata, a bi gefe da ƙusoshi masu ƙullutun kai.

Fatar da Faransawa suka fi amfani da ita ta tumaki ce, wadda suke kira basane, kuma da sassaƙen itatuwa ake jeme ta, kamar yadda majeman ƙasar Hausa ke jima da bagaruwa. Da yake fatar tunkiya ƙarama ce, sai an haɗa guda da yawa kafin a rufe kujera ɗaya, shi ya sa ɗinki ke da yawa a jikinta. Irin wannan fata tana ƙara duhu da sheƙi gwargwadon zaman da ake yi a kanta, kuma wannan tsufan ne masu tara kayan tarihi ke biya da tsada.

Kashi uku na kasuwa

Ta tarihi ita ce wadda ta haura shekara 100. Wannan ma'auni yana da tushe a doka, domin jadawalin kwastam na duniya ya ware wa kayan da suka wuce shekara 100 aji na musamman. Da wannan lissafi, kujerun Faransa na farkon shekarun 1920 sun riga sun tsallaka zuwa wannan rukuni.

Ta tsakatsaki ita ce wadda ta haura shekara 20 amma ba ta kai 100 ba, kuma wannan al'adar 'yan kasuwa ce kawai. A nan ake samun mafi yawan kujerun shekarun 1930 zuwa 1950, ciki har da mai bayan da aka lanƙwasa kamar gashin baki. A wannan tsakanin ne aikin ya sauya. Bajamushe Otto Bayer ya ƙirƙiro sinadarin da ake yin soso da shi a 1937, kuma daga shekarun 1950 soso ya soma maye gurbin gashin doki, saboda ya fi araha da saurin aiki.

Ta zamani kuwa iri biyu ce. Akwai kwaikwayon tsohuwar siffa da masana'antu ke yi da soso da falanki, akwai kuma wadda masu zane suka sake wa fasali. A 1925 Marcel Breuer na makarantar Bauhaus a Jamus ya cire duk cikon, ya bar bututun ƙarfe da ɗamaru kaɗai, bayan ya lura da yadda ake lanƙwasa kan keke. A 1928 Le Corbusier da Pierre Jeanneret da Charlotte Perriand suka fito da Grand Confort, wadda ƙashinta na ƙarfe yake a waje yana riƙe da kushin-kushin, ko da yake an daɗe ana ambaton sunan Le Corbusier shi kaɗai. A 1956 Charles da Ray Eames suka fitar da tasu a Amurka, ta lanƙwasasshen falanki da fata. Har yanzu ana ƙera waɗannan ukun.

Yadda ake gane ta gaske

Mai saye ya fara da kifa kujerar. Ɗamarar rama da sifirin da aka ɗaure da hannu alamar tsohon aiki ne. Ƙusar inji irin ta maƙale takarda da soso kuwa suna nuna ko dai sabuwa ce, ko an sake mata ciko. Gyara ba aibi ba ne, amma kujerar da aka sauya wa fata ba ta kai darajar mai fatarta ta asali ba, kuma haƙƙin mai saye ne a faɗa masa.

Sai a dubi inda fatar ta ci. Tsufan gaskiya yana bayyana a inda jiki ke gogawa: kan hannuwa, bakin mazauni da wajen jingina kai. Idan tsufan ya bazu daidai wa daida a ko'ina, har bayan kujera, da alama da gangan aka tsufar da ita. Ƙananan ramuka a katako masu zubar da gari kuma shaida ce cewa ƙwaro yana ciki.

A sabbin kujeru, babban tarkon shi ne fatar haɗi, wadda ake yi da niƙaƙƙen ragowar fata da gam a shafe samanta da roba. Bayan 'yan shekaru takan soma ɓarewa, kuma ba ta gyaruwa. Fatar gaske takan tsage ko ta koɗe, amma ana iya ciyar da ita da mai, a yi mata faci.

Kula da ita

Rana da bushewar iska su ne manyan abokan gaban fata. A ajiye kujerar nesa da taga, a riƙa share ƙura da busasshen ƙyalle mai taushi, a shafa mata man fata ko kakin zuma sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman gab da hunturu. Ruwa yana barin tabo a fatar tumaki, don haka in wani abu ya zube a tsane shi nan take ba tare da gurzawa ba. Kujerar da aka yi da katako mai kyau da sifirin ana iya kwance ta a sake ɗaure ta sau da yawa, abin da ya sa wasu na shekarun 1920 suke cikin falon mutane har yau.