Ƙuruciya a Bakin Layin Dogo: Nazari Kan Zamanin Jirgi Mai Tururi

Ba a taɓa jin ƙugin jirgin ƙasa mai tururi a unguwar Jabi ta Abuja ba. Dokar kafa Babban Birnin Tarayya ta fito ne a 1976, lokacin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ke jingine ragowar injunanta masu cin kwal, kuma layin da ya haɗa Abuja da Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, sai a 2016 aka buɗe shi, da injunan dizal. Don haka duk dattijon da ke zaune a Jabi ko Utako yana ba jikokinsa labarin jirgi mai hayaƙi, daga wani gari ya taho da labarin: Zariya, Minna, Kafanchan, Funtuwa ko Nguru. Wanda yake ɗan shekara goma a 1955 yanzu ya kai tamanin. Abin da wannan nazari ke son ganowa shi ne me ya sa labaran waɗannan mutane suke kama da juna duk da nisan garuruwansu, da kuma iyakar abin da za a iya ginawa a kansu.

Layin Baro zuwa Kano, wanda Gwamna Percy Girouard ya tsaya a kai, an fara shi a 1907, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin Legas. Daga nan rassa suka fita: ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, layin gabas da ya biyo ta Kafanchan a 1927, Zariya zuwa Kaura Namoda a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930, sai na Maiduguri da aka kammala a 1964. Birnin Katsina da Sakkwato dogo bai je musu ba, haka Maraɗi da Damagaram. Ke nan wannan ƙuruciya ta wani siririn yanki ce na ƙasar Hausa, yaran da aka haifa inda ƙafa za ta iya kai su tasha.

Abin da masu ba da labarin suka fi nanatawa shi ne tsayawar jirgi a tasha, fiye da tafiyarsa, kuma ina ganin dalilin yana cikin injin kansa. Kan jirgi mai tururi tukunya ce a kan ƙafafun ƙarfe: ana ƙona kwal, wuta ta tafasa ruwa, tururin ya tura sandunan da ke juya ƙafafu, sannan ya fice ta bututu tare da hayaƙi. Ruwan da ya fice ya tafi ke nan, kuma nauyin ruwan da inji ke sha ya ninka na kwal sau da yawa. Dole a tsaya a sha. Shi ya sa ake kafa tankin ruwa a tashoshi, da ƙaton bututu da ake juyowa bisa injin. A manyan tashoshi kuma a kwashe toka, a ƙara kwal, a bi gaɓoɓin injin da mai, wani lokaci a canja shi gaba ɗaya. Ga shi layin ɗaya ne tilo, jirgin da ya fito daga Kano da wanda ya taso daga Zariya ba su da wurin wuce juna sai a tasha, sai ɗaya ya jira ɗaya. Wannan jira shi ya haifi kasuwar tasha. Da zarar an ji busa daga nesa, 'yan mata masu talla sun ɗora faranti a ka, rake, dafaffiyar gyaɗa, ƙwai, rogo da ƙuli, fura da nono, suna bin tagogi suna miƙawa sama, fasinja na miƙo kwabo ko sisi. Ciniki ne na gaggawa, kuma yarinyar da ba ta karɓi kuɗinta ba kafin inji ya yi busa ta biyu sai ta bi jirgi da gudu. Yara maza kuma suna ɗaukar dako, ko su tsaya kusa da inji suna kallon mai zuba kwal, jikinsa sharkaf da gumi, yana buɗe ƙofar wuta yana watsa shebur. Bayan jirgi ya tashi sai a bi tsakanin layi ana tsintar kwal ɗin da ya zube ko wanda bai gama ci ba, a kai gida ko a sayar wa maƙera. Wasu sukan kara kunne a kan dogo don su ji tahowar jirgi tun ba a gan shi ba, wasu su ɗora ƙusa a kai don ƙafar jirgi ta daddale ta su yi 'yar wuƙa, abin da iyaye ke dukan yaro a kansa.

Wannan ne ya sa labarin ɗan Madobi da na ɗan Gusau suke haɗuwa. Buƙatun inji iri ɗaya ne a ko'ina, su suka tsara wa yaran yininsu. A gidajen da babu agogo, da jirgin safe da na yamma ake auna lokacin tafiya makarantar allo ko ɗora tukunya. Shehu Tijjani Yusuf, a bincikensa na digirin digirgir a Jami'ar Leiden, ya bi ƙauyukan da ke kan layi tsakanin Kano da Zariya yana nuna yadda tasha ta jawo kasuwa da baƙi da sababbin unguwanni zuwa wuraren da a da ba su da su.

Sai dai yaran ba ɗaya ba ne. A Kano tasha tana wajen ganuwa, ta wajen Fagge. A Zariya tana Sabon Gari, nesa da Birni. Ɗan ma'aikacin reluwe da ya tashi a kwatas ya girma cikin Yarabawa da Ibo da Nufawa da Tibi, yana jin harsuna uku ko huɗu, ya san albashin ƙarshen wata da makarantar boko da wuri. Ɗan cikin birni kuwa zuwa tasha yawon buɗe ido ne a gare shi, sau da yawa ma a ɓoye. Manyan guraben aiki, direba da akawu da shugaban tasha, sun daɗe a hannun mutanen kudu, 'yan ƙasa kuwa suka fi yawa a aikin lebura da gyaran layi. Marubuci Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ɗan irin waɗannan garuruwa ne, kuma ba mamaki da jirgin ƙasa ya zama dandalin labarinsa na The Passport of Mallam Ilia. Mai nazari da ya ji dattijo yana cewa a tasha kowa ɗan'uwan kowa ne, ya kamata ya tambaye shi a wane gefen layi gidansu yake.

Akwai kuma abin da idon yaro bai kai gare shi ba, kuma nan ne nake ganin ya fi kamata a yi hattara. Masu ba da labari a yau jikokin waɗanda suka gina layin ne. Kakanninsu sun san shi da aikin diga: Turawa su yanka wa sarki adadin mutane, sarki ya yanka wa hakimai, hakimai su bi dagatai, a kwashe manoma zuwa sarar daji da ɗaukar ƙasa a kwando. Michael Mason ya rubuta a kan wannan aikin tilas na 1907 zuwa 1912, da yadda mutane ke gudu daga ƙauyukansu don kauce masa. Yaron 1950 ya tarar da dogo a shimfiɗe, bai ga wanda ya shimfiɗa shi ba. Haka dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake tunawa da ita tare da sunan Alhassan Ɗantata a matsayin alamar arziki. Arzikin gaskiya ne, domin Turawa auduga suka yi tsammani, manoma da fatake suka zaɓi gyaɗa tun daga 1912. Amma tsayin dalar bayan Yaƙin Duniya na Biyu shaida ce kuma ta cewa reluwe ba ta da isassun injuna da taragu da za su kwashe amfanin zuwa Legas. Kwal ɗin da yara ke tsinta daga Inugu yake zuwa, inda 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka zama ƙashin bayansa, ya tsayar da jirage fiye da wata guda. Ɗan kwatas zai iya tuna cewa mahaifinsa ya zauna a gida, amma ba lallai ya san cewa tsadar rayuwa ce aka yi faɗa a kai ba.

Wannan ba ya rage darajar labaran. Takardun da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna suna ƙidaya tan-tan na gyaɗa da fatu da kuza, ba su san yarinyar da tallan tasha ya haɗa mata kayan ɗaki ba, ba su kuma rubuta wace unguwa ce ke ɗiban ruwa a tankin reluwe da rani ba. Irin wannan sani a bakin mutane kawai yake, musamman tsofaffin mata, waɗanda ba kasafai ake tambayarsu ba.

Ƙarshen zamanin ya zo ta hanya biyu. Injunan dizal sun fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, kusan lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa a 1955, kuma arewa, mai ƙarancin ruwa da nisa da mahaƙar kwal, ita ta fi dacewa da su. Dizal ba ya tsayawa shan ruwa, ba ya zubar da toka, ba ya buƙatar hannaye da yawa. An rufe ƙaramin layin Jos a 1957. Sannan rikicin 1966 ya watsa dubban ma'aikata 'yan gabas daga tashoshin arewa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal daga Inugu. Yaran da suka tashi tare a kwatas ɗin Kano da Zariya da Kafanchan sun rabu cikin 'yan makonni, da yawansu ba su sake haɗuwa ba, kuma injunan tururin da suka rage sun ci gaba da jan kaya jefi-jefi cikin shekarun 1970 har aka jingine su.