Sunan Da Ke Fuskar Agogo

Duk wanda ya taɓa ganin hoton falon wani attajirin Faransa na ƙarni na 19 zai lura da kaya uku a jere a kan kantar murhun jin ɗumi: agogo a tsakiya, sai mazaunin kyandir ko tulun ado a dama da hagu. Jikinsu tagulla ce mai ruwan zinariya, an manna mata tangaran mai zanen furanni. A fuskar agogon akwai suna guda ɗaya. To mai karatu, kada sunan nan ya ruɗe ka, domin yawanci na wanda ya haɗa injin ne, ko ma na ɗan kasuwar da ya sayar.

A Faris ta ƙarni na 18 kowace sana'a da ƙungiyarta, kuma doka ta hana wani shiga gonar wani. Daban mai zana siffa, daban mai zubin tagulla, daban mai sassaƙa ta har ganye ya fito da jijiyoyinsa. Masu zubi da masu shafa zinariya ma ba su zama ƙungiya ɗaya ba sai a 1776, sannan juyin juya hali ya rushe ƙungiyoyin baki ɗaya a 1791. Tangaran mafi daraja kuwa daga masana'antar Sèvres yake fitowa, wadda ta taso daga Vincennes a 1756 ta zama mallakar Sarki Louis na 15 a 1759. Irin su Dominique Daguerre, manyan dillalai, su ke tattara waɗannan hannuwa su kai wa masu sarauta.

A ganina, wanda tarihi ya fi zalunta shi ne mai shafa zinariya. Yadda ake aikin ke nan: a narkar da zinariya cikin zaiba har ta yi laushi kamar man shanu, a shafe tagullar da ita, a ɗora a wuta. Zaibar sai ta tashi ta bi iska, zinariyar ta kama jikin ƙarfen kam. Wannan iskar kuwa ita ma'aikaci ke shaƙa tun safe har dare. Sannu a hankali hannu ya soma karkarwa, haƙora su zube, magana ta sarƙe, wani har hankalinsa ya taɓu. Ƙyallin da har yau bai dushe ba a gidajen tarihi, da wannan aka saye shi.

Ko gwanayen da suka yi suna ba duka suka ci moriya ba. Pierre Gouthière, wanda aka haifa a 1732, shi ya ƙawata gidan Madame du Barry da ke Louveciennes, kuma ba a yi kamarsa ba wajen sassaƙa. Amma manyan mutane na da saurin sa aiki da nauyin biya. Ya yi karayar arziki a 1787, aka fille kan Madame du Barry a 1793 da bashinsa a wuyanta, shi kuma ya mutu cikin talauci a 1813. Pierre-Philippe Thomire ne ya dace, ya yi wa Napoleon aiki, ya rayu har 1843.

Wani mai masana'antar tagulla, André-Antoine Ravrio, da ya ga abin da zaiba ke yi wa yaransa, sai ya bar wasiyyar faran 3,000 ga duk wanda ya gano hanyar kare su. Ya rasu a 1814. Masanin haɗa sinadarai Jean-Pierre-Joseph d'Arcet ya ci kyautar a 1818 da wata maƙera mai bututun da ke zuƙe hayaƙi waje. Sauƙi na sosai bai zo ba sai da aka iya shafa zinariya da lantarki, dabarar da Charles Christofle ya sayi iznin amfani da ita a 1842.

Daga nan kaya suka yi araha. Masana'antar Japy da ke Beaucourt ta riƙa fitar da injinan agogo birjik, ƙananan masu zane na Faris na kwaikwayon tangaran ɗin Sèvres, har da tambarinta a wasu lokuta. Yawancin jerin ukun da ake gwanjonsu yau 'ya'yan wannan zamanin ne. Shi ya sa dillalin da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan fuskar agogo, sai ya juya bayansa ya buɗe murfi ya nemi hatimin da aka buga a jikin injin.