Hauwa Ali Dodo: Jarumar da fim ya raɗa wa suna

Ba kowane ɗan wasa ba ne fim ke cinye wa sunan yanka. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta na cikin 'yan ƙalilan da hakan ta faru da su. Idan ka je Dutsin-Ma ko Kurfi ka ce wa dattijuwar gida "Hauwa", sai ta ce maka wacce? Amma ka na cewa "Biba Problem", to ka tono zance.

Asalin sunan daga littafi ne. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wato Anti Bilki, ita ta rubuta 'Ki Yarda Da Ni'. Da aka mai da shi fim a Kano a ƙarshen shekarun 1990, sai aka ba Hauwa ta fito a matsayin Biba, fitinanniyar macen da ta hana gida zaman lafiya. A lokacin harkar ba ta daɗe da tsayuwa ba, domin a 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya'. Mata kaɗan ne ke yarda su fito, waɗanda su ka fito ɗin ma kowacce so ta ke a gan ta a mutuniyar kirki.

Ita kuwa Hauwa sai ta rungumi fitowar da ake gudu. Harara, murguɗa baki, baƙar magana, duk ta iya su kamar da gaske. Haka ta sake yi a 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya, tare da Ali Nuhu da Fati Muhammad. Furodusoshi su ka gane cewa in babu muguwa mai ƙarfi, baiwar Allah ba ta ba mai kallo tausayi.

Sai dai abin ya na da tsada. 'Yan kallon mu da dama ba su raba wasa da gaskiya. Wanda ya iya mugunta a fim, sai a ɗauka halin sa ne. Ƙwarewar ta ce ta jawo mata suna, ita ce kuma ta jawo mata zagi.

Hauwa ta rasu a haɗarin mota a kan hanyar Jos a ranar 1 ga Janairu, 2010. Kaset ya wuce, shagunan haya sun rufe, amma har gobe in an ga mace mai rigima a fim, da Biba ake auna ta. Allah ya jiƙan ta, amin.