Daga Gafaka Zuwa Injin Ɗab'i: Labarin Littafin Waƙoƙin Gwandu

Yau ba nisa za mu yi ba. Mutanen Fagada, Jega, Aliero da Maiyama, Gwandu kawai za mu leƙa, nan kusa da ku.

A shekarar 1813, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waƙoƙinsa na Larabci wuri ɗaya, ya sa musu suna Tazyinul Waraƙat, wato ƙawata takardu. A ciki ya jera waƙoƙin tare da bayanin abin da ya sa ya yi su, har da labarin yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 da na Alwasa na 1805.

To, yaya irin wannan littafi yake a hannu a wancan zamani? Takardar da aka fi samu a ƙasar Hausa daga Italiya take, ta ratso sahara ta hanyar Tarabulus. In ka ɗaga ta a rana, za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Alƙalami na gamba ne, tawada kuwa haɗin gida ce da ƙaro: baƙa ga haruffa, ja ga wasulla da kanun magana. Ba a ɗinke littafin. Sai marubuci ya sa kalmar farko ta warƙa ta gaba a ƙasan wadda ya gama, don kada su cakuɗe, sannan a naɗe a fata a sa cikin gafaka.

Da injin ɗab'i ya zo fa? An kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka yi ta buga waƙoƙi da boko da ajami. Shi kansa Tazyin, jami'ar Ibadan ta buga shi a 1963, da fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett. Amma abin da ya fi burge ni shi ne dabarar maɗaba'un Kano da Zariya. Sun lura almajirin da ya tashi da allo, idonsa ya saba da rubutun warash, ba ya sakewa da haruffan Misra. Sai su nemi gwanin rubutu ya rubuta da hannunsa, a ɗauki hoton shafin, a buga dubbai. Inji ne ya buga, amma hannun malam ne a kai. Shi ya sa littattafan suka samu shiga kasuwa.

Yau magwanintan rubutun nan suna ƙarewa, gara kuma ba ta jiran kowa. In akwai gafakar kakanni a gidanku, ku buɗe, ku kakkaɓe, ku ɗauki hoton kowace warƙa ko da wayar hannu ce, bi da bi yadda kuka same su.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.