Daga Bagadin Hadaya zuwa Jerin Madhava: Gudummawar Indiya ga Lissafin Pi

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin yadda masanan Indiya suka ƙiyasta pi (π), wato sakamakon raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta, tun daga littattafan Shulba Sutra har zuwa makarantar Kerala. Ta nuna cewa gudummawarsu mafi nauyi ita ce hanyar lissafi da Madhava ya buɗe a ƙarni na 14, wadda ta 'yantar da neman pi daga dogaro da zane da awo.

Gabatarwa

Pi ba mallakar al'umma guda ba ne. Babilawa da Misirawa sun ƙiyasta shi, Arkimidis na Girka ya killace shi tsakanin 223/71 da 22/7 ta amfani da siffa mai gefe 96, Zu Chongzhi na Sin kuma ya kai ga 355/113 a ƙarni na 5. Masu cewa Indiyawa ne suka "gano" pi suna rage musu daraja ba tare da sun sani ba, domin iƙirarin da ba shi da tushe yana rufe aikin da ke da shi. Tambayar da ta dace ita ce: me suka kawo wanda babu shi kafinsu?

Ƙiyasin farko

Shulba Sutra littattafai ne na magina bagadin hadaya, kuma ana ɗora mafi tsufansu, na Baudhayana, a wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ibada ta buƙaci a gina bagadi mai da'ira wanda filinsa ya yi daidai da na murabba'i. Dabarar Baudhayana ita ce a auna daga tsakiyar murabba'in zuwa kusurwarsa, a ɗauki sulusin abin da wannan awo ya fi rabin gefe, a ƙara wa rabin gefen, sannan a ja da'ira da igiya mai wannan tsawo. In aka lissafa da alƙaluman yau, pi zai fito kusan 3.088. Malaman addinin Jain kuwa sun yi amfani da √10, kusan 3.162, adadin da Brahmagupta ya riƙe a shekarar 628.

Aryabhata, wanda aka haifa a 476, ya rubuta Aryabhatiya a 499. A ciki ya ba da 62,832 a matsayin kewayen da'ira mai faɗin 20,000, wato 3.1416, ya kuma bayyana cewa adadin na kusa ne kawai. Wannan ƙiyasi ya isa Bagadaza, inda Alkhawarizmi ya kawo shi a littafinsa na aljabra a ƙarni na 9. Bhaskara na biyu ya maimaita shi a Lilavati da siffar 3927/1250.

Madhava da makarantar Kerala

Madhava na Sangamagrama ya rayu tsakanin wajen 1340 da 1425 a Kerala, kudu maso yammacin Indiya. Yawancin rubuce-rubucensa na lissafi sun ɓace. Ta bakin magadansa aka san aikinsa: Nilakantha Somayaji, mai Tantrasangraha na wajen 1500, da Shankara Variyar, da Jyeshthadeva, wanda ya rubuta Yuktibhasha a harshen Malayalam a wajen 1530, ya kuma shimfiɗa hujjojin dalla-dalla.

Abin da suka jingina wa Madhava shi ne:

π/4 = 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 + 1/9 − …

Jerin ba shi da ƙarshe, kuma babu komai a cikinsa sai lambobin mara. Yuktibhasha ya kai gare shi ta hanyar yanka layi gunduwa-gunduwa, a lissafa guntun baka da ke fuskantar kowace gunduwa, a tara su, sannan a duba inda jimillar ta dosa yayin da gunduwoyin ke ƙara ƙanƙancewa. Wannan tunani ne irin na kalkulas, tun kafin Newton da Leibniz.

Sai dai jerin yana da nawa ƙwarai. Wanda ya tara gaɓa 100 zai tarar kuskurensa a kan pi bai gaza kusan 0.01 ba, wato bai kai daidaiton da Aryabhata ya cimma shekaru ɗaruruwa a baya ba. A nan ne, a ganina, gwanintar Madhava ta fi bayyana, kuma nan ne masu yabonsa suka fi tsallakewa. Ya samar da gyaran da ake sakawa bayan an tsaya a gaɓa ta n, domin ya wakilci ragowar da ba a tara ba. Na farko 1/(4n) ne, na biyu n/(4n²+1), na uku (n²+1)/(4n³+5n), kowanne ya fi na gabansa kaifi. Da na ukun, gaɓoɓi 'yan kaɗan sun isa su ba da lambobi masu yawa daidai. Akwai kuma jeri na biyu mai sauri, wanda ke farawa da √12 kuma kowace gaɓarsa ake ƙara raba ta da 3. Adadin da aka ruwaito daga Madhava shi ne 2,827,433,388,233 a raba da 900,000,000,000, wato 3.14159265359, daidai har gurbi 11 bayan ɗigo. Alkashi na Samarƙand ya zarce shi da gurbi 16 a 1424, amma da tsohuwar hanyar siffofi masu gefe da yawa.

Nilakantha, a sharhinsa na Aryabhatiya, ya ce duk ma'aunin da ya auna faɗin da'ira ba tare da saura ba, zai bar saura a kewayenta, komai nisan da aka yi. Fahimta ce daidai, ko da yake hujjarta ta jira masanin lissafi Lambert a 1761.

James Gregory ya sake gano tushen jerin a 1671, Leibniz kuma bayansa da 'yan shekaru, shi ya sa littattafan Turai suka daɗe suna kiransa da sunayensu. Charles Whish ya sanar da Turawa aikin Kerala a 1834, amma ba a kula ba sai a tsakiyar ƙarni na 20. Wasu masana na hasashen cewa limaman Jesuit da suka zauna a Kochi ta Kerala ne suka kai ilmin Turai. Ba a samu takardar da ta tabbatar da haka ba, don haka matsayin maƙalar nan shi ne Madhava ya riga Gregory da Leibniz da kusan ƙarni uku, su kuma sun kai ga jerin da ƙoƙarin kansu.